Injin da ke duba hanta ba tare da fiɗa ba

Ciwon hanta yana daɗewa a ɓoye. Kafin ido ya yi ɗorawa ko ciki ya kumbura, ɓarna ta yi nisa.

A manyan asibitoci akwai wani inji, sunansa IRM. Babban mayen ƙarfe ne ke cikinsa. Majinyaci yana kwanciya ciki wajen rabin awa. Ba zafi, sai dai ƙara mai yawa. Hoton yana nuna kitse, tabo, ko ƙullutun ciwon daji, ko da bai wuce ƙwayar gujiya ba.

Amma ba da shi ake farawa ba. Sai an yi awon jini tukuna, lokotoro ya ga da bukata. Wanda ke da ƙarfe a jikinsa ya faɗa kafin ya shiga, don injin yana jan ƙarfe.