Keken dutse da farantin keken tsere: A auna kafin a ɗaura

Masu iya magana kan ce sauri ya haifi nawa. Wannan karin magana shi ne ya faɗo mana a rai da muka zauna nazarin wani gyara da kan ja hankalin masu keke da yawa, wato cire farantin sarƙa da hannuwan feda na keken tsere a ɗaura su a jikin keken hawan dutse, wanda muka fi sani da keke mai giya, don neman ƙarin gudu.

Babu inda za a fi gane dalilin wannan sha'awa kamar Hartum da Umdurman na ƙasar Sudan, biranen da Kogin Nilu ya raba, inda kuma 'yan'uwanmu Hausawa, jikokin mahajjatan ƙasa, suka daɗe da zama. Idan mai karatu bai manta ba, tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, mai ya yi ta wuya, har aka kai ga dogayen layuka a gidajen mai a 2018. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai lamarin ya ƙara ta'azzara, mutane da dama suka koma ga amalanken jaki da keke, wanda a can ake kira ajala, mai gyaransa kuma ajalati.

To amma ƙasar Hartum shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu ba gangare. Wanda ya hau keken dutse a kwalta irin wannan, ya taso daga Hartum ya haye gadar Farin Nilu zuwa Umdurman, zai ji ƙafarsa na ta juyawa amma tafiyar ba ta ci. Dalili kuwa shi ne babban farantin keken dutse haƙora 42 ko 44 gare shi, na keken tsere kuwa 50 zuwa 53. A keke mai taya inci 26, idan sarƙa na kan faranti mai haƙora 42 a gaba da mai 14 a baya, juyin feda ɗaya zai kai ka kimanin mita 6. Idan aka sa mai 52, zai haura mita 7 da rabi. Wannan ribar ce ke ruɗin mutane.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Jikin keken dutse an ƙera shi ne don taya mai kauri, saboda haka ƙarafa biyun da suka tashi daga gindin feda zuwa tayar baya a buɗe suke. Da an ɗaura babban faranti sai haƙoransa, ko ma hannun fedar kansa, su riƙa gugar ƙarfen. Bugu da ƙari, bututun da aksul ɗin feda ke ratsawa faɗinsa milimita 68 ne a yawancin kekunan tsere, amma a kekunan dutse da yawa milimita 73 ne. Faranti na zamani da ke zuwa manne da aksul ɗinsa, irin Hollowtech II na kamfanin Shimano, idan na keken tsere ne ba zai isa ya ratsa bututu mai 73 ba, komai ƙwarewar mai gyara.

Tsohon samfuri mai aksul mai kusurwa huɗu shi ne ke karɓar dabara, domin ana iya sauya gajeren aksul da dogo, kamar mai milimita 118 ko 122, faranti ya matso waje ya bar ƙarfe. Amma idan ya fito da yawa sai sarƙa ta riƙa tafiya a karkace, tana cin haƙora, ƙurar hamada kuma ta ƙarasa ta. Dole ne kuma a ƙara tsawon sarƙa, a ɗaga ƙarfen sauya giya na gaba, wanda shi ma an lanƙwasa shi ne daidai ƙaramin faranti. Muna gargaɗi da babbar murya: kada a yarda wani ya sa guduma ya lotsa jikin keke don faranti ya samu wuri, musamman jikin alminiyam, domin tsagewa zai yi, wata rana ya karye da mutum a tsakiyar titi.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Keken dutse na da ƙaramin faranti mai haƙora 22 ko 24, shi ne ke fitar da mai kaya daga yashi. Mafi ƙanƙanta a keken tsere mai faranti biyu 34 ne ko 39. Wanda ya ɗaura buhu a kariya ya shiga rairayin unguwannin yammacin Umdurman, ko hanyar ƙauye daga Jibiya ko Illela ko Maigatari, zai ƙare ne da turin keke, gwiwa na ciwo.

Wannan shi ne darasin da ya shafe mu, mu da ke saye da sayar da kekunan gwanjo da kayan gyaransu a kasuwannin kan iyaka. Kafin ka miƙa wa mai saye faranti, tambaye shi aikin da yake yi da keken. Idan ɗan aike ne a kwalta, ba kaya, to a auna bututu, a gwada farantin a jiki kafin a biya. Idan kuwa mai dako ne, a bar masa nasa, ko a ba shi matsakaici mai faranti uku, 48 da 38 da 28, wanda ya fi shiga jikin keken dutse ba tare da rigima ba.

Ribar faranti ɗaya ba ta kai asarar abokin ciniki ba. Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, mu kuma Ya sa albarka a kasuwa.