Me Ya Sa Naman San Maigatari Yake Son Ƙaramar Wuta?

Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari take ci, kuma wanda ya taɓa tsayawa a kara ya ga irin shanun da ake korowa daga ƙasar Damagaram da sauran sassan Nijar. Shanu ne na kiwo, sun yi rayuwarsu suna tafiya neman ciyawa da ruwa. Wannan tafiyar ce uwargida take tarar da ita a tukunya idan ta sayi nama a Gumel ko Gagarawa, ta dafa na rabin awa, ta ji shi kamar igiya, ta ce mahauci ya cuce ta.

Galibi bai cuce ta ba. Tsokar da dabba ta fi aiki da ita, wato ta ƙauri da wuya da ƙirji da wutsiya, cike take da jijiya da wani farin tantani da ke ɗaure zaren naman. Idan aka sa wa irin wannan nama wuta mai ƙarfi, zaren yana takurewa ya matse ruwan jikinsa waje, naman ya ƙara tauri. Amma idan aka bar shi cikin ruwa mai zafi na awa 2 zuwa 3, jijiyar tana narkewa a hankali ta koma wani abu mai danƙo da ke shiga cikin romo. Shi ne abin da ke sa leɓe ya riƙa mannewa bayan an sha farfesu mai kyau, shi ne kuma yake sa romon ya daskare idan ya kwana a sanyin hunturu. Don haka naman da ya fi tauri shi ya fi ba da romo. Tsoka zalla ta cinya ta fi dacewa da tsire ko kilishi.

Mutanen yankin Wales na Birtaniya, su ma makiyaya ne masu tumaki da shanu a kan tsaunuka, sun gina abincin da suka fi alfahari da shi a kan wannan ilimin. Sunansa cawl, ana furta shi kamar "kaul". Naman rago ne ko na sa mai ƙashi, da dankalin Turawa da karas da wata saiwa mai launin rawaya, da wani ɗan'uwan albasa mai dogon ganye wanda ba ya yin kai. Suna ci da burodi da cuku, musamman ranar 1 ga Maris da suke bikin waliyyin ƙasarsu. Yaji kuwa kusan babu, abin da Bahaushe zai kira abincin majinyaci. Sai dai tsarin dahuwar daidai yake da namu.

Ana fara nama da ruwan sanyi, a sa masa ruwan da ya rufe shi kawai. Yayin da ya fara zafi, kumfa mai launin toka za ta taso, a kwashe ta da ludayi. Ba datti ba ne, sinadarin jikin naman ne ya dunƙule, amma idan aka bar ta romo yana yin duhu. Daga nan, a namu girkin, sai albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari da ɗan kimba, da daddawa ga mai so. Sannan a janye itace. Nan ne yawancin masu girki suke kuskure. Ruwa idan ya tafasa ba ya wuce digiri 100 komai yawan wutar da aka hura, don haka ƙarin itace ba ya gaggauta komai, sai dai ya ƙone ruwan, ya farfasa kitse cikin romo, ya ci itacen da ake saye da tsada a wannan yanki namu mai ƙarancin bishiya. Abin da ake so shi ne tukunya ta riƙa ɗan motsi, ƙwayar tafasa ɗaya tana tasowa bayan ɗaya. Garwashi ya fi harshen wuta iya wannan aiki, tukunyar ƙasa kuma ta fi ta dalma riƙe zafi. Karin maganar mai haƙuri da ya dafa dutse har ya sha romonsa, da alama wadda ta san murhu ce ta fara faɗin ta.

Wasu suna jefa kanwa don gajarta lokaci. Tana aiki, amma tana sauya launin romo da ɗanɗanonsa, kuma dankali yana dagargajewa a cikinta. A ganina a bar wa wake da miyar kuka kanwarsu.

Kayan saiwa ba sa shiga tare da nama. Karas ya fi jure wuta, shi ake fara sakawa idan nama ya kusa, a yanka shi manya-manya. Bayan kamar minti 10 sai dankalin Turawa, wanda mafi yawansa daga Filato ake kawo mana, shi kuma minti 20 zuwa 25 ya ishe shi. Dankalin Hausa ya fi saurin laushi, yana kuma sa zaƙi, sai a jinkirta shi. Mai son romo mai kauri ta murƙushe dankali biyu a jikin tukunya, garinsa zai ɗaure ruwan ba sai an nemi fulawa ba. Lawashin albasa, wanda shi ne madadin wancan ganyen na mutanen Wales, a ƙarshe ake watsa shi, a sauke. Tumatir ma, idan za a sa, gara bayan dankali ya nuna, domin tsami yana hana shi laushi.

Mutanen Wales suna cewa abincin nan ya fi daɗi idan ya kwana, kuma gaskiyarsu ne: gishiri da yaji suna ratsa dankali, kitse ya taru a sama a kwashe shi cikin sauƙi. Amma su suna da sanyi da firji. A Sule Tankarkar cikin watan Afrilu, tukunyar nama da aka bari a ɗaki har safe tana iya zama ciwon ciki. Uwargida, in za ki kwanar da shi, ki bari sai lokacin hunturu ko inda akwai firji, kuma da safe ki tafasa shi sosai kafin ki zuba wa yara.