Ko Kun Sani? Kiwi Ma Akwai Mace Da Namiji

Kamar dabino, tsiron kiwi akwai mace akwai namiji, kuma macen ce kaɗai ke yin 'ya'ya. Asalinsa daga ƙasar Sin ne. A 1904 wata malamar makaranta, Isabel Fraser, ta kai irinsa Niyu Zilan, inda ya fara 'ya'ya a 1910.

Mai shuka ƙwayarsa a gida sai ya yi haƙuri, don ba zai gane mace ce ko namiji ba sai tsiron ya yi fure, bayan shekaru. Shi ya sa masu lambu suka fi son yanko reshen macen da aka san tana haihuwa, su soka shi cikin ƙasa mai laima har ya yi saiwa. Namiji ɗaya ya ishi mata wajen takwas. Sai dai kiwi na buƙatar dogon sanyi, zafin ƙasar Hausa ba zai karɓe shi ba.