Ba sojan haya ba ne, kuma a nan gizo ke saƙar

Ranar 12 ga Mayu, 2025 da Hamas ta saki Edan Alexander, gardama ta kaure a teburin mai shayin unguwarmu. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To me ya kai Ba'amurke bakin Gaza da kakin soja, in ba haya aka yi shi ba?" Kowa ya gyaɗa kai. Washegari na ji kalmar nan ta "sojan haya" a bakin wani mai sharhi a rediyo, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Yaron a garin Tenafly na jihar New Jersey ya tashi. Yana gama sakandare ya tattara ya tafi Isra'ila ya shiga rundunar Golani, aka kama shi ranar 7 ga Oktoba, 2023. Irinsa a can ana ce musu "hayal boded", wato sojan da iyayensa ba sa ƙasar. Ana ƙara musu ɗan albashi, a taimaka da kuɗin haya, a ba su hutun zuwa ganin gida. Dokar Komawa ta 1950 ce ta buɗe musu ƙofa, domin ta ba kowane Bayahude damar zama ɗan ƙasa, a 1970 kuma aka faɗaɗa ta har ga jika.

Amma fa abin ya girmi wannan dokar. A yaƙin 1948, 'yan sa-kai wajen 4,000 ne suka kwararo daga ƙetare ƙarƙashin shirin da ake kira Mahal, kusan 800 daga cikinsu 'yan Afirka ta Kudu. Da yawansu tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ne, sun san makamar aiki. Su suka fi yawa cikin matuƙa jiragen yaƙin sabuwar ƙasar, har Turanci ya zama harshen aiki a rundunar sama. Wani injiniya, Al Schwimmer, ya yi ta fasa-ƙwaurin jirage daga Amurka. Kotu ta same shi da laifi a 1950, ya koma ya kafa masana'antar jiragen Isra'ila, Bill Clinton ya yafe masa a 2001. Ga kuma Kanar David Marcus, wanda ya yi karatu a makarantar soja ta West Point, shi ne janar na farko a sojan Isra'ila. A watan Yunin 1948 wani mai gadi na ɓangarensu ya tambaye shi ko wane ne da dare cikin Ibrananci, shi kuwa bai iya harshen ba, aka harbe shi. Gawarsa West Point aka mayar aka binne. Ka ji yadda tun ranar gini aka yi zane.

To, me doka ta ce? Sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya fayyace sojan haya: wanda kuɗi ya kawo shi, ba ɗan ƙasar ba, ba ya kuma cikin rundunarta. Wakilan Najeriya ne ma suka gabatar da ƙudurin, da miki na yaƙin basasa bai gama warkewa ba. Kunya ce a ce mu ne ba mu san ma'anar ba. Waɗannan samari suna cikin runduna, akasarinsu da takardar zama ɗan ƙasa, kuma aƙida ce ke kai su. Amurka ba ta ƙwace musu fasfo. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Afroyim a 1967 ba a raba Ba'amurke da ƙasarsa ba da son ransa ba.

Wannan ya fi haya muni a ganina. Ɗan shekara 18 da kakansa bai taɓa ganin Yafa ba ya sauka a jirgi a miƙa masa ƙasa da bindiga, alhali Bafalasɗinen da aka haifa a Yafa, ɗaya daga cikin fiye da 700,000 da aka raba da gidajensu a 1948, ya mutu a sansani da makullinsa a hannu, ƙuduri mai lamba 194 na Majalisar Ɗinkin Duniya kan komawarsu gida yana kwance a takarda. Afirka ta Kudu dai ta buɗe baki: a Maris 2024 ministar harkokin wajenta ta lokacin, Naledi Pandor, ta ce duk ɗan ƙasar da ya je ya yi wa Isra'ila yaƙi a Gaza, za a kama shi in ya dawo.

Masu sharhinmu, don Allah ku bar "sojan haya" ɗin nan. Duk wanda ya san doka zai rufe muku baki cikin minti ɗaya. Ku tambayi jakadun Amurka da Ingila da Faransa da ke Abuja: ɗan ƙasarsu nawa suka bincika bayan ya dawo daga Gaza?