Aya-aya a Tsakar Gida: Yadda Za Ki Rabu da Ita

Yau hirarmu a kan ciyawar tsakar gida ce.

Da zarar ruwa ya sauka sau biyu ko uku, sai ki ga gindin katanga da bayan ɗaki da wurin wanke-wanke sun yi kore shar. Gwanin sha'awa a ido, amma fa nan sauro ke laɓewa da rana, nan kwaɗi ke taruwa, kuma inda kwaɗi suke maciji ba ya nisa. Ga yaranmu kullum ƙafa ba takalmi. Ke ce mai wuni a gidan, don haka ke za ki fara lura.

Yawancin ciyayin nan ba su da wuyar sha'ani. Ƙarangiya da tsidau da gude-gude duk ta iri suke yaɗuwa. Ki bari a yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ki tuge su da saiwa kafin su yi fure, shi ke nan. In sun riga sun yi 'ya'ya, a busar a ƙone, kada a zuba su cikin taki. Tafasa da rukuɓu da lalo kuwa, ai ba sai na faɗa miki inda za su ba, tukunya na jiran su. Wanda ban yarda a bari ko da kwana ɗaya ba shi ne zaƙami, domin guba ne, yara kuma na son wasa da 'ya'yansa.

To, sai uwar taurin kai, aya-aya. Dangin ayar da muke ci ce, kuma dangin kajijin da muke sawa a turaren wuta. In kina shakka, ki murza karanta tsakanin yatsu, za ki ji yana da kusurwa uku. Kada ki ga laifin kanki don ta gagare ki. A shekarar 1977 wasu masana a Amurka sun jera ciyayin da suka fi addabar manoma a duniya, ita suka sa a lamba ta ɗaya, don tana ɓarna a ƙasashe fiye da 90.

Sirrinta a ƙarƙashin ƙasa yake. Tana yin ƙananan ƙwallaye baƙaƙe masu ƙanshi, an jera su a jikin siririyar saiwa kamar carbi. Kin tuge ganye, saiwar ta tsinke, ƙwallayen suna nan. Abin haushi ma, wannan tsinkewar ita ke tayar da waɗanda suke barci, sai guda ɗaya ta dawo miki uku. Shi ya sa za ki sa yaro ya share wuri tas da fartanya ranar Asabar, kafin wata Asabar ta dawo kamar ba a taɓa ba.

Amma tana da lago. Na farko, ba ta fara sabbin ƙwallaye sai ta yi ganye 5 ko 6. In kika riƙa cire ta tana ƙarama, duk mako biyu ba fashi, tsohuwar ƙwallon ce za ta yi ta ciyar da sabon toho daga jikinta har ta ƙare. Aikin na son naci. Wadda ta yi sau biyu ta gaji, ta koma gidan jiya.

Na biyu, rana na kashe ta. Mafi yawan ƙwallayen ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba, wato kamar santimita 15 zuwa 20. Ki roƙi maigida ko samarin gida, idan bazara ta zo su haƙe wurin da diga su juye ƙasar. Ku tsince abin da ido ya gani, a bar saura a rana kamar mako biyu, a sake juyawa. Ni a ganina wannan ya fi komai, sai dai mutane ba sa tunawa da ciyawa a watan Afrilu, sai Agusta ta zo a hau kuka.

Sannan ba ta jure inuwa. Wurin da ba a takawa, ki shuka kabewa ko dankali ko wake su rufe shi, kin samu na miya, ita kuma ta rasa haske. Ko a shimfiɗa kwali mai kauri, ninki biyu, a danne da duwatsu. Leda mara kauri ba ta aiki, tsinin tohonta huda ta yake yi. Ki kuma duba inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, a gyara masa hanya, don wurin danshi ta fi so.

Saura maganar feshi. Na san wasu magidanta kan kawo ragowar maganin gona su fesa a tsakar gida. 'Yar'uwa, ki lallashe shi ya bari. Wanda ake kira parakwat ganye kawai yake ƙonawa, ƙwallayen na nan lafiya lau, ga shi guba ce mai kisa wadda ba ta da makari, kurɓi kaɗan ya isa. Nan fa yara ke rarrafe, nan kaji ke kiwo, nan kike shanya kuɓewa da barkono. Gishiri da baƙin mai ma kada ki zuba, ƙasar za su lalata, gobe ki shuka zogale ya ƙi kamawa.

In kuwa akwai maganin feshi ajiye a gidan, a bar shi cikin robarsa ta asali, a sa a sama inda hannun yaro bai kai, nesa da kayan abinci. Kada a taɓa juye shi a kwalbar lemo. In tsautsayi ya sa wani ya sha, a garzaya da shi asibiti nan take, a tafi da robar maganin don likita ya ga ko wane iri ne.