BADON DA MUKA BARO A GIDA YANA IYA RAYUWA A ƊAKIN HAYA

Duk wanda ya tashi a Kafancan, ko Kagoro, ko Zonkwa, ko Kwoi, ba sai an gaya masa bado ba. Da damina ta yi nisa za ka ga faffaɗan ganyensa ya shimfiɗu bisa kududdufai da tafkunan fadama, farin furensa ya buɗe da dare, hantsi na ɗagawa ya rufe. Ba ya son ruwa mai gudu, don haka ba a samunsa inda ruwan Matsirga yake zubowa, sai a wuraren da ruwa ya kwanta. A shekarun yunwa kuwa, mutanen da sun ci saiwarsa da 'ya'yansa sun rayu.

To, abin da yawancinmu mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba mu sani ba shi ne, wannan tsiro da muke rainawa, kuɗi ake sawa a saye shi a Ingila da Jamus da Amurka. Masu kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi suna neman wani irinsa mai jan ganye da ɗige-ɗige, wanda suka laƙaba wa sunan damisa, asalinsa kuwa Afirka ta Yamma ne. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna ma sun zana bado a bangon gine-ginensu. Akwai wani mai kama da shi a Indiya da Sin, wanda ganyensa yake miƙewa sama da ruwa, amma wannan ya fi ƙarfin akwati. Namu shi ne daidai ɗaki.

Wanda ba shi da halin sayen akwatin gilashi kada ya damu. Kwatarniya ko babbar roba ta wadatar, muddin zurfin ruwan ya kai kamu biyu. Ginin tukwane ai ba baƙo ba ne a wajenmu, tun da a ƙasarmu ne, a Nok, aka fara tono gumakan yumɓun nan a 1928.

Ga yadda ake yi. A zuba laka kamar kaurin yatsa uku a ƙasan mazubin, a rufe ta da wankakken yashi don kada ruwan ya gurɓace. Saiwar bado dunƙulalliya ce kamar ƙaramar gwaza. A dasa ta rabi a ciki rabi a waje, kan tsiron yana duban sama, domin in aka binne ta duka ruɓewa za ta yi. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe tukuna, maganin da ake zuba masa ya fice. A ajiye kusa da taga. Zafin kurmi bai dame shi ba, ya fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28.

Ganyen farko a ƙarƙashin ruwa suke tsayawa, daga baya ya riƙa aika waɗansu sama. Mai son fure sai ya ƙyale su su kai bisa ruwa. Mai son kallon kifinsa kuwa sai ya riƙa yanke su tun daga tushe, in ba haka ba su rufe hasken duka. In wata rana ganyen suka zube, kada a zubar da saiwar. Hutu take yi, kamar yadda takan kwanta cikin busasshen taɓo duk rani har ruwan Afrilu ya tashe ta.

Amma fa jama'a, akwai abu biyu da ba a wasa da su. Na farko tsargiya, wato fitsarin jini. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar da ke kawo ta a Alƙahira a 1851. Mai cutar ya yi fitsari a tafki, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan ta fito ta huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Katantanwar nan kuwa a bayan ganyen bado take son maƙalewa ta yi ƙwai. Saboda haka kada wanda ya je ganin gida ya tura yara cikin tafki su ciro masa. A jira ruwa ya janye bayan kaka, a haƙo saiwar a taɓon da ya bushe, a yanke ganye duka, a wanke ta sarai, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. In an iso kurmi a ba ta mako uku cikin bokiti ita kaɗai, duk katantanwar da ta bayyana a kashe ta. Wanda ya ga jini a fitsarinsa kuma ya nufi asibiti, akwai magani.

Na biyu sauro. Ruwa a kwance gidan sauro ne, kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi daga ƙwai ya soma cizo. A gidan haya mai yara da yawa, wannan ba ƙaramin alhaki ba ne. Maganinsa a saka ƙananan kifayen nan da ake kira gupi, waɗanda suke cinye tsutsar sauro. Ban da karfasa da tarwaɗa, don su tonon ƙasa suke yi su tumɓuke shukar. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a zuba sabo.

Sannan duk abin da aka yanke a shanya shi ya bushe, kada a watsa a lambatu ko a kogi. Mazauna Ikko ba su manta da baƙuwar kainuwar nan mai shuɗin fure ba, 'yar asalin Amurka ta Kudu, wadda kyaunta ya sa aka yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa. A 1984 ta ɓullo ta wajen Badagiri, ta toshe wa masunta da masu kwalekwale hanya. An ce kainuwa dashen Allah, amma wannan kam hannun mutum ne ya raba ta da ƙasarta.

Wanda ya kiyaye waɗannan, ya samu abin ɗebe kewa da kuɗi kaɗan, 'ya'yansa haifaffun kurmi kuma su san bado da idonsu. Allah ya ba da sa'a.