Dunƙule kuɗi: Yadda faɗuwar naira ke cinye tarin matasan Guci da Magariya

A ƙauyukan Guci da sauran garuruwan gundumomin Dungas da Magariya na jihar Damagaram, yaro ɗan shekara 14 ko 15 ba ya buƙatar a koya masa cewa canji ba ya kwana a aljihu. Naira hamsin ta tafi wajen mai rake, ɗari ta tafi wajen cajin waya, kafin la'asar cinikin yini ya narke. Shi ya sa mai tallar ƙosai, da mai tura amalanke, da yaron ɗan kabu-kabu ke tattara ƙananan takardu su kai wa mai shago ya ba su babba guda ɗaya. Wannan shi ne dunƙule kuɗi, kuma ga wanda ba shi da asusun banki, shi ne bankin.

Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Babbar takarda tana da kwarjini, mutum na jin nauyin fasa ta saboda alewa. Tana da sauƙin ɓoyewa a lalita ko a ƙasan akwati, kuma idan ɗan'uwa ya zo rance, "ba ni da canji" amsa ce da ba ta ɓata zumunci. Mai shago shi ma ya samu, domin ƙananan kuɗin da yaran ke kawowa su ne canjin da zai bai wa masu saye. Galibi hannu ne ke wanke hannu, ba a cire ko sisi.

Sai dai a wannan yanki tambayar ba ta tsaya kan girman takarda ba, har da ta wace ƙasa ce. Magariya na maƙwabtaka da Ɓaɓura, Dungas kuma da Maigatari a jihar Jigawa, inda babbar kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. Saboda haka naira ce ke yawo a ƙananan ciniki na yau da kullum, yayin da sefa ke jiran ranar biyan kuɗin makaranta, na asibiti ko na takardun hukuma.

A da, naira ce sarauniya. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya na canza ɗaruruwan sefa. Yanzu labari ya sha bamban. Bayan Najeriya ta saki farashin kuɗinta a watan Yunin 2023, jika ɗaya, wato sefa 1,000, ta haura naira 2,000 a cikin 2024. Ma'ana, takarda mafi girma a Najeriya, naira 1,000 da aka fito da ita tun 2005, ba ta kai dala ɗari ba, wato sefa 500, mafi ƙanƙanta cikin takardun Babban Bankin BCEAO. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro kan 655.957, ba ta motsi.

Don haka yaron da ya yi wata uku yana tara 'yan dubu-dubu na naira ya dunƙule kuɗi ne a ido kawai. A kasuwa sun riga sun rame. Wanda ya farga sai ya dunƙule sau biyu: daga ƙananan naira zuwa manya, daga manya zuwa jika biyar ko jika goma. A mataki na biyun nan ne ake shiga hannun 'yan canji, kuma a nan babu zancen kyauta. Farashin saye daban, na sayarwa daban, takardar da ta tsufa ko ta yage a rage mata daraja ko a ƙi ta. Ga kuma lissafin dala, inda ake ninka kowane adadi sau biyar, wanda ke rikita duk wanda ya saba da naira. Babba zai yi ciniki ya ja, yaro kuwa abin da aka miƙa masa shi zai karɓa.

Waɗanda suka riƙe naira ba su manta da darasin 2023 ba. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun 200, 500 da 1,000, wato daidai waɗanda ake dunƙule kuɗi da su. An sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mai asusu a Kano ko Dutse ya bi layin banki. Yarinyar da ke tara kuɗin kayan ɗaki a Guci kuwa ba ta da layin da za ta bi, sai dai ta karyar. Kotun Ƙolin Najeriya ta dawo da tsofaffin takardun a watan Maris, amma wanda ya riga ya sayar da nasa da araha babu mai mayar masa. Iyayensu sun ga irin haka a 1984, lokacin da gwamnatin Buhari ta sauya launin naira tare da rufe iyaka.

Ga 'yan ci-rani da ke aiko da kuɗi gida daga Kano, Legas, Agadas ko Libiya, abin lura a nan shi ne kuɗin da ya shigo ta Nita ko Amana sefa ne, kuma a sefa ya kamata ƙanin da aka aika wa ya bar rabon ajiya. Abin cefane kaɗai ya cancanci a fasa zuwa naira, shi ma a ranar da za a kashe shi.